Kunya Ba Ta Jin Faransanci

Faransancin da na sani duka bai wuce ƙirga ba, kuma a kwance na koye shi, kaina bisa cinyar wata mata 'yar Ƙonni, tana yi mini kitso a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a Talata Mafara. Har yau in na ji ana ƙirga da harshen nan a rediyo, sai in ji fatar kaina tana ja, ƙanshin man shanu ya zo mini, barci ya fara ɗibata ko da tsaye nake.

Amma da Inna ya kamata in fara, don ba domin ita ba da ko kalma ɗaya ban riƙe ba.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, in ya faɗi a gaban mutane ba ita ke ɗaga shi ba. Kunya ake ce wa wannan, kuma macen da ta riƙe ta da kyau ana ganin girmanta. Inna kuwa ta riƙe ta har ta wuce misali. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uba, a wani ƙauye bayan Maradun, dab da gulbi. Can na yi wayo. Kaka ba ta da aikin da ya fi kiran sunana. Ta kira ni in kawo ruwa, ta kira ni in mayar da ruwan, ta kira ni in zo in ga kaza ta yi ƙwai. Wani lokacin in na zo na ce ga ni, sai ta ce ta manta abin da za ta ce, in koma wasana. Har haushi nake ji. Ban san wata rana zan nemi mai dame ni haka in rasa ba.

Sai ga mutanen awo sun zo da sanduna masu zane da wani madubi mai ƙafa uku. Suka shafa jan fenti a jikin kukokin ƙauyen, can sama inda hannun babba ba ya kai, suka ce nan ruwa zai tsaya in an gama datse gulbi a Bakolori. Mutane suka ɗaga kai suna kallon jan fentin, wasu suna dariya. Kaka ba ta yi dariya ba, ta ce ita dai ba inda za ta. Haka kuwa aka yi. Kafin motocin kwashe mutane su iso Allah ya yi mata rasuwa, aka rufe ta kusa da mijinta, ni kuma aka ɗora ni a bayan akori-kura tare da tabarmarta da tukwanenta aka mayar da ni Mafara, gidan uwar da ta haife ni.

Na tarar da ƙanne uku da ban saba da su ba: namiji mai bi mini, mace mai bi masa, da auta a goye. Na tarar da mace doguwa, mai sanyin tafiya, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ba ta kallona ido da ido. In tana son in yi abu, ƙanwata take gaya wa, ko da kuwa ina tsaye kafaɗata na gogar zaninta.

"Ce ma yayarki ta ɗauko ƙwarya."

In babu yaro kusa, sai ta yi gyaran murya ta faɗa wa iska. "Wuta na son icce." Ko kuma, "Randa ta yi ƙasa." Ni kuma in tashi in kawo itace, in ɗebo ruwa. Na zama mai amsa wa iska. Baba ma yana tasa kunyar, amma shi namiji ne, yana gona ko zaure wurin ɗalibansa, ba a ji nasa shirun sosai. Ƙannena Yaya suke ce mini. A makarantar allo da ta boko ana kiran sunana, amma wannan kiran na a ga ko ka zo ne. A cikin gidan nan, tun ranar da aka sauke ni daga mota, ban ƙara jin sunana ba.

Kada a ce an wulaƙanta ni. Ƙulin farko mai zafi kullum yana gefen faifai, daidai inda zan wuce. In zazzaɓi ya kama ni, zan farka in ga an lulluɓe ni da zanin da ba nawa ba. Na san hannun da ke yin haka. Amma ni yarinya ce mai baƙar zuciya da naci, ƙuli bai ishe ni ba. So nake ta buɗe baki ta kira ni, ni ɗin nan, in ce na'am. Abin da nake so ke nan, kuma na san ba a roƙonsa.

A shekarun nan garin ya cika ya batse. Tipa-tipa suna wucewa da duwatsu har bangon ɗaki yana rawa, katafiloli sun fi rumbu girma, ga Turawa da gajerun wanduna suna sayen lemu a kasuwar Talata, ga Yarabawa da Ibo da mutanen Gana da na Nijar, waɗanda a lokacin muke ce wa mutanen Faransa. Duk mai ɗakin da ba a kwana ciki ya ba da haya. Baba ya ba wani direban katafila ɗakin da ke kusa da zaure, shi da matarsa. Mutanen Ƙonni ne, can Nijar, Hausawa kamarmu, maganarsu ma kusan tamu ce, sai dai ita ta yi lakwal, wato bokon can, har ta yi nisa kafin a yi mata aure. Mijin yana tsokanarta da Madam, mu ma muka bi bakinsa. Gajeruwa ce, mai fara'a, mai yawan magana, in tana dariya har da buga cinya.

Ba ta daɗe ba ta lura da kaina. Uwa ba ta yi wa 'yar fari kitso, tun rasuwar Kaka wata maƙwabciya ce ke yi mini in ta ga dama, da hannu kamar tana tufkar igiya.

"Wa ka yi miki kitso, ɗiyata?" in ji Madam. Na faɗa mata. Ta riƙe baki. "Wanga ba kitso na ba, hushi na. Ɗauko kibiya ki taho."

Daga nan duk ranar Alhamis da azahar, da yake ba a zuwa allo ranar, ina kwance kan tabarma kaina a cinyarta. Tana tsaga gashi tana ƙirgawa a hankali, kamar mai lallashin jariri. An, do, turwa, katir, sank, sis. Haka kunnena ya ɗauka, haka nake faɗa har yau. Sai bayan shekaru da yawa na ga yadda ake rubuta su a littafin jikata, na ga trois, na rantse ba turwa ɗina ba ce. Na tambayi Madam me take cewa, ta ce ƙirga ce ta Faransanci, ta saba, in ba ta yi ba sai kitso ya karkace. Na ce ta koya mini. Ta ce in kwantar da kai tukuna.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne yadda suke ɗora ƙirga gaban abu. Mu muna cewa awaki uku. Su kuwa uku ɗin ke shigowa, awakin na biye. Na ce mata ai wannan maganar mai koyon baki ce.

"Haka Nasara ya ka yi," in ji ta. "Mu sai mun ga akuya kana mu ƙirga ta. Shi ko da ƙirganai yaka tahowa, akuya ta iske shi."

Na tuna mutanen awo da jan fentinsu. Su ma ai da lissafinsu suka zo, tun babu ɗigon ruwa, suka ce nan zai tsaya, ruwan kuma ya biyo su daga baya ya tsaya inda suka ce. Tun daga ranar na fara jin tsoron harshen kaɗan, na kuma ƙara son sa.

Sunayen abubuwa ba su zauna mini ba, ƙirgar kawai na riƙe, sai in haɗa ta da Hausa. Turwa awaki. Sank kaji. Do tipa sun wuce. Madam tana dariya har kibiya na faɗuwa, ta ce malaminsu na lakwal da ya ji ni da ya suma. Amma in rana ta yi nauyi, ta daina surutu, hannunta kaɗai ke tafiya a kaina, sai idona ya fara lumshewa. Ganyen dalbejiya yana motsi, haske yana sauka a fuskata yana tashi, ƙarar injunan can nesa tana zama kamar gurnanin ruwa. A nan ne nake komawa ƙauyen Kaka. An ce ruwa ya riga ya rufe shi, ban je na gani ba, amma a kan cinyar Madam ina shiga har tsakar gida. Komai yana nan inda yake, sai dai ya zama kore-kore, kuma tafiya ba ta sauri. Ina ƙirga abin da na tarar. Turwa kuka, kowace da jan fentinta. Do rijiya, cike har baki, ba wanda ke ja. An turmi, kifi ya shiga ya kwanta ciki. Tarwaɗa tana fitowa daga ɗakin Kaka ta ƙofa kamar mai sallama. Can sai in ga Kaka zaune bakin murhu tana buɗe baki, na san sunana take kira, amma kumfa kawai ke fita tana hawa sama. Ina miƙa kunne ina matsawa kusa, sai Madam ta ɗan ja gashina ta ce in juya ɗaya gefen.

Ban taɓa jin tsoro a wannan mafarkin ba. Kewa nake ji, mai daɗi-daɗi, har ba na son a gama kitson.

Wata Alhamis ta canza ƙirga. Ta kama kitson farko ta ce piramiyar, na biyu doziyam, na uku turwaziyam, na huɗu katiriyam. Ta ce wannan ita ce ƙirgar jeri, ta farko, ta biyu, ta uku. Ta ce duk sauran riga ɗaya suke sawa, mace da namiji, na farko kaɗai aka ɗinka wa biyu: namiji piramiye, mace piramiyar. Sai ta dafa goshina da yatsa mai maiƙo.

"Ke ma ai piramiyar ta, ko ba ke af fari ba?"

Na ce ni ce.

"Ni ma ina da nawa," in ji ta. "Mon piramiye. Yana Ƙonni wurin tsohuwata."

Ban san tana da ɗa ba. Daga nan ta ɓalle da labarinsa, rabi Hausa rabi Faransanci. Yadda haƙoransa na gaba suka fita, yadda yake bin jakin maƙwabta, yadda ya ƙi cin tuwo sai da yaji. Mon piramiye kaza, mon piramiye kaza. Ɗigon hawaye ɗaya ya faɗo mini a kunne. Ni kuwa mamaki ya cika ni, don ban taɓa jin uwa ta zauna tana zuba labarin ɗan fari haka da rana tsaka ba.

Na ce, "Madam, ba ki jin kunya?"

"Da Hausa ina ji," in ji ta. "Ko wuƙa anka aza min ba ni hwaɗin sunanai. Amma kunya ba ta yi lakwal ba, ɗiyata. Ba ta jin Faransanci."

Ta share ido ta yi dariya. Inna tana nan bakin murhu, bayanta gare mu, tana suyar ƙuli. Ba ta juyo ba. Sai dai wannan kaskon ya ƙone, abin da ban taɓa gani ba a hannunta, ta kwashe baƙin ta zuba wa awaki.

Maganar Madam ta shiga kaina ta zauna daram. Ashe akwai ƙofar baya. Ashe akwai sunan da za a kira ni da shi ba a karya komai ba. Washegari na tara ƙannena a tsakar gida, daidai inda Inna ke matsar mai, na jera su bisa girma. Na dafa ƙirjina na ce Piramiyar, da ƙarfi. Na dafa ƙanena na ce Doziyam, ƙanwata Turwaziyam, na nuna auta da ke rarrafe na ce Katiriyam. Na sa su maimaita. Na sake farowa daga kaina.

Inna ta ce da ƙanwata, "Ce ma yayarku ba a ƙirga ɗiyan mutane. Ba awaki na ba."

Gaskiyarta, a wajenmu ba a ƙirga 'ya'ya da baki, ana tsoron kambun baka. Amma Madam ta leƙo daga ɗakinta da tsintsiya a hannu ta ce da Inna, "Yaya, wanga ba ƙirga ta ba, laƙabi na. Bar su su yi wasansu." Inna ta ci gaba da murza tunkuza.

Laƙabin kuwa ya kama kamar wutar kara. Yaran unguwa suka ɗauki na ƙannena. Ƙanena har yau, da furfurarsa da jikokinsa, abokansa Dozi suke ce masa, rabinsu ba su san daga ina ya samo ba. Ni ina jira. Sati ya wuce, wani ya biyo. Rannan da hantsi ina wanke tukwane, sai na ji muryar Inna daga madafi.

"Turwaziyam, zo ki karɓa."

Ta faɗa daidai, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ranar na fara ganin tana da wushirya. Madam ta yi guɗa. Murna ta kama ni, na ce a raina saura ni. Da yamma ta kira Doziyam ya kore awaki. Ta ɗaga auta sama tana cewa Katiriyam, Katiriyam, yana ɓangala dariya. Duk ta iya, ashe kunnenta yana wurinmu tun farko. Na zauna kusa da ita, na ƙi nisa, ina ta kai da kawowa a gabanta da aikin da ba a sa ni ba. Can ta ɗago.

"Turwaziyam, ce ma yayarki ta kawo ludayi."

Wannan ya fi shirun baya ciwo. Da can ina cewa babu hanya ne. Yanzu ga hanya na share da hannuna, kowa ya bi ta ya wuce, ni mai sharar aka bari a baki. Na kai ludayin na ajiye da ƙarfi har ya tsage.

Na yi fushi na gaske, irin na yarinyar da kaka ta goya. Na ƙudura ba zan ƙara amsa wa iska ba. Kwana kaɗan bayan haka muna mu biyu a tsakar gida, yara sun fita, ta ɗora tukunya. Ta yi gyaran murya ta ce, "Wuta na son icce." Na zauna ina wasa da tsinke. Ta sake faɗa. Wutar tana ja da baya, hayaƙi ya fara tashi. Akwai wata jar akuya da ke ɗaure kusa da rumbu, na juya na dube ta na ce, "Ce mata wuta ba ta kira kowa ba."

Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na lokacin ba. Na jira duka, ko ashar, ko a ce a kira Baba. Da ta dake ni ma da na ji sanyi, don mai dukanka dole ya dube ka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta miƙe a hankali ta je bayan ɗaki ta ɗauko itace da kanta, ta durƙusa tana hura wuta. Ta daɗe tana hurawa, fiye da yadda wutar ke buƙata, idanunta suna zubar da ruwa. Hayaƙi ne ko ba hayaƙi ba, ban sani ba. Da dare ƙulina yana gefen faifai kamar kullum.

Madam ta ji komai daga ɗakinta. Alhamis ɗin da ta biyo hannunta ya yi nauyi a kaina, ba ƙirga, ba labari. Sai da ta kai rabi ta yi magana.

"Kina tsammani ke ɗai ka jin zahi? Ni shekara nawa, kuma ina da inda ni ka hurar da nawa. Ita fa? Tun randa anka raɗa miki suna ta haɗe shi, yana nan maƙoshinta. Ke kunnenki ka ƙaiƙayi, ita ko maƙoshi."

Na ce to ta tofar mana.

"Baki gare ki kamar reza," in ji Madam. Ta ranƙwashe ni da kibiya, amma ta yi dariya. Sannan ta ce in bar uwata ta zo da ƙafarta, ba a jan irin su da igiya.

Na koma amsa wa iska, ba don na huce ba, don dai na gaji.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa a waje. Katafiloli suka shiga gonakin mutane suna baje su, an ce za a gyara a mayar, damina ta zo ta wuce ba a shuka ba. Fadamar da Baba ke samun shinkafa da dankali ta daina samun ambaliyar da ta saba. Maza suna taruwa a zaurenmu suna magana ƙasa-ƙasa, in na kai ruwa su yi shiru. Sai aka yi wata shekara mai nauyi, aka rasa rayuka a kan rigimar gonakin nan, shekarar da har yau tsofaffin yankinmu ba su son a tayar da zancenta. Mu yara an tsare mu cikin gida. Bayan ta, baƙi suka fara ɗaure kaya. Aikin mijin Madam ya ƙare.

Ta yi mini kitson sallama, ƙanana-ƙanana, wanda zai daɗe. Ta ce yau ni zan ƙirga. Na ƙirga har inda na iya, na koma farko, na sake, ina jin ruwan ƙauyen Kaka yana tasowa yana rufe ni. Amma ranar ban shiga ba, na ƙi yin barci don kada lokacin ya wuce ban sani ba. Da ta gama ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ma piramiyar ta Mafara," wato 'yar farinta ta Mafara. Ita tana murna za ta ga ɗanta, tana kuma kuka. Inna ta ba ta man gyaɗa cikin kwalba da ƙuli a ƙullin zane, suka daɗe riƙe da hannun juna a bakin zaure. Bayan tafiyarta laƙabin ƙannena ya zauna, nawa kuwa ba mai faɗa, don ita kaɗai ke kirana da shi.

Kitson nan bai gama tsufa ba Gwaggo ta zo daga Bakura, yayar Baba, mace mai murya kamar ta maza. 'Ya'yanta mata duk sun yi aure, ta ce ɗakinta ya yi mata faɗi. Ta ce 'yar fari dama ta dangin uba ce, tsohuwa ta riƙe iyakar kwananta, yanzu layi ya zo kanta. Baba bai musa ba. Gona ta tafi, baki sun yi yawa a kan tukunya ɗaya, kowa ya san haka ko ba a faɗa ba. Ba wanda ya tambayi Inna, don ba a tambayar uwa a kan ɗan fari, in ma an tambaye ta cewa za ta yi ba ruwanta. Ni ma ba a tambaye ni ba. Ban yi kuka ba. Na ce a raina gara in tafi inda ko zagina za a yi, da sunana za a haɗa.

Ranar Talata za mu bi motar 'yan kasuwa in ta juya da la'asar. Tun safe Inna take suya, ba ta zauna ba. Ta wanke zannuwana ta shanya ta naɗe, ta ɗaure su cikin tabarmar Kaka. Ta ba ƙanwata ƙullin ƙuli mai zafi ta ce, "Kai ma yayarki." Da lokaci ya yi, Gwaggo ta yi sallama da kowa, doguwar sallama, a gai da wane, a yafe wa juna. Inna ta amsa mata duka, sannan ta shige ɗakinta ta saki asabari. Haka ake yi, uwa ba ta rakiyar ɗan fari.

Na je bakin ƙofar na durƙusa. Ta cikin asabarin ina ganin inuwarta zaune bakin gado.

"Inna, za mu tahi."

Ta ce da bango, "Allah shi kiyaye hanya."

Na ce amin. Na ɗan jira, ban san me nake jira ba, ko kuma na sani. Gwaggo ta ƙwala mini kira daga waje, da cikakken sunana, ta ce mota ba ta jiran kowa. Na tashi na ɗora kaya a kai. Ƙannena sun riga sun fita da Gwaggo suna rigimar wa zai riƙe mata jaka. Na ratsa tsakar gida, na wuce dalbejiya, na wuce ɗakin Madam da ke rufe. Jar akuyar nan tana tuƙa. Na sa ƙafa ɗaya a cikin duhun zaure.

"Hiramiya."

A hankali aka faɗa, da bakin mutanenmu, ba yadda Madam ke faɗa ba. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. Na ji motsin asabari, na san ta fito tana tsaye bakin ƙofarta. Duk jikina ya ce in juya. Amma na san in na juya muka haɗa ido, kunyar za ta gane abin da aka faɗa, ta kama ta, ba za ta ƙara iya ɗaga kai a gabana ba. Sai na tsaya yadda nake, kaya a kai, fuskata ga titi.

"Na'am, Inna."

Shi ne na'am na farko da na taɓa ce mata. Na jira in ji ko na manta wani abu, ko akwai saƙo zuwa Bakura. Tipa ta wuce a waje, bango ya yi rawa, ƙura ta sauko daga rufin zaure. Har na zaci ta koma ciki.

"Ba komi," in ji ta. "Tahi."

A mota Gwaggo ta dube ni ta ce me ya tsayar da ni, kuma kukan me nake yi ina murmushi kamar taɓaɓɓiya. Na ce ba komai. Muka fita gari, muka bi gefen sabuwar hanyar ruwan da aka gina da siminti, rana tana kwance a cikinta. Na jingina kai da buhun wani mai albasa na rufe ido. Gwaggo ta ce tun daga nan har muka shiga Bakura bakina yana motsi, ta kasa kunne ta ji na'am nake ta cewa, alhali ba wanda ya kira ni.